Abin da Aka Zuba wa Baraka

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Yau na yaye tsofaffin tabarmi da buhunan da aka lulluɓe Baraka da su, kuma tun hantsi abinci ya fita raina.

Baraka motar Baba ce, Pijo 403 mai buɗaɗɗen baya, wadda ya saya a Maradi tun gyaɗa tana da daraja. Shekara ashirin da uku ke nan tana tsaye a lungun gidanmu, gefen turken awaki, tun shekarar da ya rasu. Ina da sha bakwai a lokacin. Yau ina da arba'in, ina gyaran injin niƙa da babura a bakin tashar Dakoro, amma ban taɓa ɗaga murfin injinta ba. Kowa a gidan ya san labarin. Tafiyarta ta ƙarshe ta dawo daga Tagriss tana tururi, Baba ya ce inji ya ƙone, ya ajiye ta, ya kwanta ciwo, shi ke nan.

Yanzu Yaya Rabo yana son gina shago a wurin kafin ruwa ya sauka. Ya yi magana da masu sayen tsohon ƙarfe, za su zo ƙarshen Mayu su yanka ta su ɗora a sikeli. Inna ta ce ba ta san zancen ba. "Da ƙahwahunta tas shigo gidan ga, da ƙahwahunta za ta hita. Ba a yanka ta gabana kamar saniya." Rabo ya yi dariya, ya ce to ga autanki makaniki, in ta tashi ta fita da kanta ya haƙura, in ba ta tashi ba sai sikeli. Duk suka juyo suka zuba min ido.

In don ta ni ne, a yanka, haka ma na faɗa wa Rabo. Na rubuta a nan don kada gobe in yi wa kaina ƙarya.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Cikin motar. Tir!

Kaji sun mayar da kujerar direba gidan gado. Na sa hannu ƙarƙashi, wani ƙwai da ban san shekarunsa ba ya fashe min a tafi. Ɓeraye sun cinye wayoyin wuta, sun yi sheƙa da takardun motar. Bayan kujera na tarar da mushen kyanwa, ya bushe kamar ganda. A baya kuma kashin awaki ya yi tudu har ciyawa ta taɓa tsira a kai.

Inna ta kawo tabarma ta zauna ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗar iri tana kallona. Ta aiko min da fura. Na ƙurɓa sau ɗaya na ajiye, warin yana cikin hancina.

Matata Ramla ta ce kayan aikina ba za su kwana a ɗakinta ba. Ban ga laifinta ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na ɗaga murfin inji. Abin mamaki, ya ɗagu salin alin, ko ƙara bai yi ba. Ƙofofin ma haka. Motar da ta shekara ashirin da uku a rana da ruwa! Ban tsaya tunani ba, don abin da ke ciki ya ishe ni.

Injin duk ya yi wani irin danƙo, yashi ya manne a kai, sai ka ce gindin tukunyar mai ƙosai. Na sa maniwel, ƙarfen nan da ake murɗa inji da shi ta gaba, na hau da ƙafa biyu. Ko motsi. Na zaro sandar gwada mai, ta fito da kyar tana jan wani abu ruwan ƙasa-ƙasa, yana zare kamar yauƙin kuɓewa. Wari kuwa ba na man inji ba ne, ba na mushe ba. Wani abu ne mai tsami da ke kama maƙogwaro.

Bututun hayaƙi kuma a toshe da laka. Na ce zanzaro ne, amma wannan zanzaron ya iya gini.

Inji ya daskare. Aikin banza, makaho da waiwaye.

Asabar, 12 ga Afrilu

Yau na yi amai, ni da na taɓa ciro mataccen ƙadangare daga injin niƙa na ci gaba da cin rogona.

Na shiga ƙarƙashinta na kwance ƙusar juye mai. Ba abin da ya fito. Na tsokana da waya, sai ga shi yana saukowa guda-guda kamar lalataccen kunu, wani ya faɗo min a wuya. Na cika bokiti, na kawo na biyu. Injin nan lita huɗu yake ci. Abin da na kwaso ya haura goma, kuma da saura. An ɗura mata har wuya ke nan. Tukunyar tace iska ita ma cike take, ta yi ambaliya cikin karbireta.

Na fito, raina ya gama ɓaci, na buɗe baki a tsakar gida. Na ce duk wanda ya zuba wannan ƙazanta a inji jaki ya fi shi hankali. Na ce ba hanyar Tagriss ta kashe motar Baba ba, wannan dabban ne ya kashe ta, kuma da na san shi da na ɗura masa bokitin nan a baki. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba.

Inna ta tattara faifanta da gyaɗarta ta shige ɗaki. Warin ne, na sani. Ni ma da ina da inda zan gudu da na gudu.

Litinin, 14 ga Afrilu

Ina zargin Rabo. Ko wani ɗan koyon makaniki da aka taɓa kawowa ban sani ba. Na tambayi Rabo a waya, ya ce shi ko taɓa ta bai taɓa yi ba, ƙyamarta yake.

Inna ba ta fito kallo ba. Fura ta zo, amma ta hannun Ramla.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Baba Rhissa ya zo. Shi ne ya yi wa Babanmu Mamani yaron mota shekara goma sha biyar, daga nan har Tagriss da Mai Yara ba ramin da bai tura Baraka a ciki ba. Yanzu ya tsufa, ido ɗaya ya tafi, yana zama a tasha da butar shayinsa. Labari ya kai masa, ya taho da sandarsa.

Ya zagaya ta sau biyu, ya dafa ta a goshi kamar raƙuminsa. Na nuna masa bokitin. Ya sunkuya, ya sauke rawani daga hancinsa, ya sansana. Sai kawai ya dangwala yatsa ya kai baki! Na kau da kai.

Ya ce, "Wanga man gyaɗa na."

Na ce wane irin man gyaɗa, Baba? Ya ce, "Na gida. Mai kyau ma, da can." Ya ɗaga kai ya dubi ƙofar ɗakin Inna, ya mayar da rawaninsa, ya ce zai dawo ran da zan cire kan inji.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Ramla ce ta faɗa min, tana tankaɗe, ko dubana ba ta yi ba. Ta ce ai duk matan gidan sun sani, har maƙwabta.

Kowace kaka, in Inna ta matsi gyaɗar farko, takan ɗebi man ta bi duk ƙarfen da ke gidan da gashin kaza: hauya, galma, lauje, wuƙaƙe, keken ɗinki, ƙyauren ƙofa. Wannan na sani tun ina yaro, haka uwarta ma take yi a Mai Yara, don kada tsatsa ta ci kayan noma kafin wata damina. Abin da ban sani ba, tun shekarar da Baba ya rasu ta sa Baraka cikin lissafin ƙarafan gida. Sai maza sun fita da hantsi, ta yaye buhu, ta shafe ƙofofi da murfi, sannan ta juye kwalba guda a ramukan da ta saba ganin Baba yana zuba mai. Bututun hayaƙi kuma ita ke liƙe shi da laka, yadda ake liƙe bakin rumbu saboda ɓera.

Shekara ashirin da uku. Kwalba ashirin da uku.

Na ce da Ramla me ya hana ki yi min magana ran Asabar? Ta ce, "Baban Kausar, ka bar wa wani wurin sa baki? Har bakin titi ana jin ka."

Jaki. Dabba. In ɗura masa bokiti a baki. A gaban matata da matar Rabo.

Baki shi ke yanka wuya. Amma fa, tsakanina da littafin nan, man gyaɗa a inji wauta ce. Ba a yi. Wauta ce ko wa ya yi ta.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na shiga gaishe ta da safe, na daɗe a durƙushe. Na ce, "Inna, maganar ran nan..." Ta ce, "Wace magana? Tashi ka tahi aikinka, Auta, rana na yi." Ta ci gaba da jan tasbaharta.

Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Laraba, 23 ga Afrilu

Na cire kan inji, Baba Rhissa na zaune a kan bokitin da aka kife. Sai da muka sa itace muka ɗaga, danƙon ya riƙe shi gam. Na shirya ganin jan tsatsa da fiston da ya narke.

Na kankare da yatsa. A ƙarƙashin ƙazantar, bangon silinda yana ƙyalli. Na kankare na biyu, haka. Na uku, na huɗu, haka. Ko ɗigon tsatsa babu. Ba tsagewa, ba ƙuna. Abin da ya ƙone kawai jwan ne, faifan nan da ke shiga tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya cinye tsakanin na biyu da na uku. Shi ya sa ta yi tururi a hanyar Tagriss. Gyaran yini ɗaya, da Baba ya samu lafiya.

Baba Rhissa ya ce akwai ƴar'uwarta a Tagriss, ta wani Alhaji, an ajiye ta bayan tamu da shekara biyar. Bara ya gan ta, fiston da silinda sun zama ƙarfe guda, ko da guduma ba a raba su. "Wagga ba ta mutu ba, ɗan Mamani. An jiƙa ta ne kamar nama cikin mai." Ya yi ƴar dariya. "Innarka Hajiya Fadimata ta hi mu iya makanikanci."

Ban yi dariya ba. Warin ya ninka tunda aka buɗe, ƙudaje kuma sun samu biki.

Talata, 29 ga Afrilu

Kwana shida ina jiƙa kayan cikin gazuwal, man dizal. A banza. Esansi ma, wato fetur, a banza, sai hannuna da ya yi fari ya tsattsage. Abin ya koma kamar roba, ka ja ya dawo.

Alhamis, 1 ga Mayu

Ramla ta zo ta tsaya a kaina tana toshe hanci da gyale. Ta ce wai mu makanikai ba mu taɓa wanke kaskon suya ba? Tsohon man gyaɗa ba ya jin komi sai ruwan toka mai zafi. Na ce ta je ta ji da tuwonta.

Juma'a, 2 ga Mayu

Na fito da safe na tarar da babbar tukunya gefen Baraka, cike da ruwan toka, an tace shi tas, yana tururi. Ramla ta rantse ba ita ba ce. Tukunyar kuwa na san ta, mai baki a karye ce, ta ɗakin Inna.

Na jefa ƙusoshi don gwaji. Kafin azahar danƙon ya saki, yana tasowa sama kamar kumfar miya. Allah wadaran gazuwal.

Baba Rhissa ya ce ƙarfe kawai zan sa, kada toka ta taɓa fiston da kan inji, farin ƙarfe ne, za ta cinye su. Waɗannan sai da tsinke da haƙuri.

Alhamis, 8 ga Mayu

Tukunya tana zuwa kullum da safe, tana komawa da yamma. Mai ita ba ta fitowa. Ni kuma ina tsugune ina sakace ramukan mai da tsinken kaba ɗaya bayan ɗaya, faratana sun yi baƙi, komi na ci ɗanɗanon abin nake ji. Abokan aikina a tasha sun sa min suna Mai Ƙuli. Wani ya zo da babur ya ce in yi masa na dala biyar da yaji.

Injin niƙa uku suna jirana a rumfa. Ni ina nan ina wa gawa wanka.

Litinin, 12 ga Mayu

Jwan ya gagara. Na kira masu kayan mota na Maradi, ɗaya ya ce 403 kuma, a ina na tono ta? Wani ya ce kakansa ne ya sayar da na ƙarshe. Na aika hoto Kano, aka aiko min da na 504, wai in gwada. Motar nan ta zama ita kaɗai a duniyarta.

Asabar, 17 ga Mayu

Masu ƙarfe sun zo dubawa tun lokaci bai yi ba, su biyu, Rabo ya kawo su. Ɗaya yana ƙwanƙwasa ƙofa da dutse yana sauraro, ɗaya ya sa ƙafa ya shuri fiston ɗin da na kwana huɗu ina gogewa, ya ce wannan daban za a auna shi, farin ƙarfe ya fi tsada.

Ban san lokacin da na miƙe da sipana a hannu ba. Na ce ya ɗauke ƙafarsa, kuma wata bai ƙare ba tukuna. Rabo ya ce, "Kai da kac ce a yanka?" Na ce har gobe ina nan a kan bakana, amma aikina ne ba na son a taka.

Haka ne kuwa. Aikina ne kawai.

Talata, 20 ga Mayu

Baba Rhissa ya ɗauki ƙonannen jwan ya kai wa wani maƙerin Buzaye a kasuwa, mai yin zobba da marfin takobi. Mutumin ya shimfiɗa shi a kan fallen jan ƙarfe, ya zana, ya yanke da ƴar kurfi, rami bayan rami, ya gasa ya tsoma a ruwa don ya yi laushi. Bai taɓa leƙa cikin inji ba a rayuwarsa. Na ɗora a kan gangar, ya zauna daram.

To. Tsohuwa da gashin kaza, maƙeri da kurfi, matata da toka. Ni da takardar makaniki ban san abin da na kawo ba in ban da baki.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na haɗa ta. Na ja sababbin wayoyi, na aro batir da tayoyi huɗu da ba ɗaya mai kama da ɗan'uwansa. Na fasa lakar bututun hayaƙi, cikinsa fes, ko yashi babu. Na sa maniwel na murɗa, inji ya juya lumui. Sai da na zauna a ƙasa.

Juyawa ba tashi ba ce. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, magina sun sauke tubali a ƙofar gida.

Talata, 27 ga Mayu

Ta ƙi. Tari biyu, shiru. Kafaɗata ta kusa gocewa.

Laraba, 28 ga Mayu

Ta ƙi. Na sake kwance karbireta, na samu danƙo a wani rami da allura ce kawai ke shigarsa. Na buɗe baki zan yi zagi, na tuna, na rufe.

Masu ƙarfe za su zo Asabar da abin yankansu.

Alhamis, 29 ga Mayu

Da hantsi ne. Magina sun riga sun rushe katangar lungun, don ko ta tashi ko ta ƙi ta nan za a fitar da ita. Baba Rhissa ya shiga ya zauna a kan buhun da na ɗora madadin kujera, ya ce in murɗa ya taka totur. Na murɗa sau uku. A na huɗu ta yi atishawa, ta girgiza, awaki suka tsinke igiya, sai ga ta tana ruri.

Hayaƙi ya turnuƙe gidan, fari fat, kuma ba warin esansi yake ba. Ƙamshin suya! Unguwa duk ta ɗauka. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga da kwano tana tambaya wa ke tuyar ƙosai da rana tsaka. Baba Rhissa yana ta dariya, hawaye na bin idonsa mai gani, yana cewa, "Mamani, ji ɗiyarka! Ji ɗiyarka!"

Ya matsa, na shiga, na sa giya. Ta taka tubalin da aka rushe, ta fita titi da ƙafafunta. Ta yi kamar taku hamsin ta mutu gaban mai shayi, amma ta fita. Rabo ya cire hula ya sosa kai, ya ce magana ɗaya ce, ya haƙura, sai dai in san inda zan kai ta.

Inna ba ta fito ba. Na yi ta waiwaye. Ramla ta ce tana tsaye bayan labule tun tarin farko, hannunta a baki, da motar ta fita kuma ta koma ta zauna bakin gado.

Na kai Baraka rumfata a tasha.

Juma'a, 30 ga Mayu

Na je na ce, "Inna, ta tashi. Man nan naki ne ya tsare ta, Baba Rhissa ma ya faɗa." Ta ce, "Allah shi yi albarka." Ta tambaye ni ko an samo awakin.

Na leƙa lungun. An haƙa tushen shago. Inda Baraka ta tsaya ƙasar ta yi baƙi da mai, magina suna ƙorafin siminti ba zai kama ba.

Asabar, 16 ga Agusta

Kano ta aiko wani jwan ɗin, shi ma ba nata ba. Na maƙeri yana nan lafiya. Na kai buhunan taki garin Roumbou da ita na dawo, ko tari. Mutane suna tsayar da ni suna ɗaukar hoto. Har yanzu in ta yi zafi tana ɗan ƙamshin ƙuli.

Sau uku ina cewa Inna ta zo in kai ta Mai Yara ta ga danginta. Kullum sai ta ce ƙafarta.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Ran Talata Inna ta matsi gyaɗar farko. Na shigo cin abincin rana na tarar da ita a tsakar gida, an jera hauyoyi da galma da lauje a tabarma, tana bin su da gashin kaza. Ta yi keken ɗinki, ta yi ƙyaure. Da ta gama ta tsaya da kwanon a hannu tana duban bayan shagon Rabo. Sannan ta juye sauran man a tulu. Kwalbar nan tana kan taga, ba komi a ciki.

Na koma tasha, na kasa aiki. Wani ya kawo babur na ɗaure masa taya a juye.

Da la'asar na tuƙo Baraka har ƙofar gida. Na shiga na ce ƙofofin motar nan sun dame ni da ƙara, girisin kanti ba ya yi musu komi. Ƙarya nake, ranar Lahadi na shafe su. Ta dube ni, rabon da ta dube ni haka tun Afrilu. Ta ce, "Man jaki za ka sa ma motarka?" Na ce, "Shi ta saba da shi, Inna."

Sannan ta ɗauki kwalbar ta cika, ta yafa mayafi, ta fito da ƙafar da ke ciwo. Ta bi ƙofar dama, ta bi ta hagu, ta bi ta baya. Na ɗaga mata murfin inji ta shafe maƙalansa. Hannunta ya nufi marfin zuba mai, ya tsaya a hanya, ta mayar da shi cikin mayafi.

Ni na buɗe marfin. Na ce cokali guda kawai. Ta zuba abin da ya fi ludayi.

Ta ce gobe in ba ni da aiki, tana son ganin ƙanwarta a Mai Yara. Mun je mun dawo ran Laraba, tana gaba, tana faɗa min inda Baba yake rage gudu.

Man gyaɗa a inji wauta ce, ban canza ba. Na ce da mun dawo zan juye shi in sa sabo, galan ɗin ma yana nan a rumfa. Ayyuka ne suka yi min yawa.